Kwaɗon ƙwai a jakar aiki

Shekara tara ke nan ina aiki a ofishi ɗaya a cikin Kano, kuma takwas daga ciki abincin ranata bai taɓa sauyawa ba. Da mun idar da sallar Azahar sai mu haɗa kuɗi mu aiki yaro wurin mai abincin bakin ƙofa. Yau shinkafa da miya, gobe dafa-duka, jibi taliya da manja da yaji, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Matar ta iya girki, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai kafin ƙarfe 3 jikina ya mutu murus, ido ya yi nauyi, in zauna gaban kwamfuta ina maimaita layi ɗaya sau uku ban gane abin da ya ce ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan tashin asuba da hidimar yara huɗu.

Ciwon kai da ya ƙi tafiya ne ya kai ni asibiti bayan ƙaramar Sallah. Aka auna jinina a ranaku biyu daban-daban, duka biyun ya haura 140 bisa 90. Likitar mace ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta rubuta magani, sannan ta ajiye biro ta dube ni.

"Hajiya, me kike ci da rana?"

Na lissafa mata. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ma bai cika ba, kuma ya samu kayan lambu da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400. Ta ce dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. "Abin da ba ke kika dafa ba," in ji ta, "ba ki san dunƙule nawa ya shiga ba. Ki riƙa tafiya da naki daga gida."

A cikin Adaidaita Sahu na dawo ina lissafi. Ƙarfe 7 nake fita. Kafin nan akwai wankan yara, karin kumallo, abincin da za su tafi da shi makaranta. Ina zan samu sararin ɗora wata tukunyar don kaina? Nama kullum aljihu ba zai ɗauka ba, wake kuma yana son lokaci. Ƙwai ne kaɗai ya rage: yana dahuwa kafin in gama shirya ƙaramar, kuma guda biyu manya suna ba da furotin kusan giram 12, abin da zai riƙe ciki. Na tsayar da shawara a kan salak ɗin ƙwai, ina ganin ai abu ne da na iya tun ina budurwa.

Salak ɗin da na sani shi ne na biki da na Sallah. A shimfiɗa latas a faranti, a jera kabeji da karas da kokwamba, a juye waken gwangwani, a yanka ƙwai a yi ado da shi, sannan a malala bama har sai ganyen ya ɓuya. Shi na yi ran Litinin ta farko. Ƙarfe 6 na safe na cakuɗa komai, har da tumatir da gishiri, na danna a roba mai murfi na jefa a jaka. Ƙarshen Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, kuma tun hantsi aka ɗauke wuta a ofis. Da na buɗe robar wajen ƙarfe 2, latas ya yi laushi ya kwanta, ruwa ya taru a ƙasa, wani wari-wari na tashi. Na kai cokali baki sau ɗaya na ajiye. A kwandon shara ya ƙare, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don ƙwai uku ne a ciki, ga tsadar da ƙwai ya yi.

Da dare na kira ƙanwata, ita ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Yaya, Allah ya tsare ki da ba ki ci ba." Ta yi mini bayanin ƙa'idar da ake koya musu: abinci irin wannan ba ya wuce awa 2 a waje ba tare da sanyi ba, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. Nawa ya yi awa 8. Ta ce mutane bama suke zargi, alhali ta kwalba tsami gare ta, ba ita ke fara lalacewa ba. Ƙwan da aka ɓare aka yayyanka, hannu ya taɓa, ya jiƙe da ruwan tumatir, shi ne gidan da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Sannan ta tambaye ni cokali nawa na bama na zuba. Na ce babban cokali huɗu. Ta ce kowane ɗaya kalori 90 zuwa 100 ne, ƙwai guda kuwa bai wuce 70 da 'yan kai ba. Wato bamar kaɗai ta fi ƙwan uku nauyi, ga gishirin da ke cikinta da na waken gwangwani. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Daga ranar na raba aikin gida uku a raina: ƙwan kansa, abin da zai maye gurbin bama, da yadda zai kai Azahar lafiya.

Ban taɓa zaton akwai abin koyo a dafa ƙwai ba. Yadda na taso na gani shi ne a jefa a tukunya a manta da shi har sai an tuna. To wannan mantuwar ce ke kawo zoben nan mai kore-kore da toka-toka da ke zagaye gwaiduwa. Farin ƙwai yana da sinadarin ƙibiritu, gwaiduwa tana da na ƙarfe, in wuta ta yi yawa sai su haɗu a iyakarsu su ba da wannan launi. Ba ya cutarwa, amma shi ne ke tafe da warin nan da kan cika ɗaki in an ɓare ƙwai, kuma gwaiduwar kan bushe ta riƙa shaƙe mutum. Mu biyar ne a ofishinmu, don haka maganar wari ba ƙarama ba ce a wurina.

Mako guda na yi ina gwaji da agogon waya. Minti 8, tsakiyar gwaiduwa da sauran danshi, wanda ba na so ga abincin da zai yi tafiya. Minti 15, zoben ya fito. Na tsaya a kan 11. Sai ruwa ya tafasa sosai nake saka ƙwan, a hankali da ludayi don kada ya bugi gindin tukunya, in rage wuta ruwan ya riƙa ɓararraka kaɗan-kaɗan. Na lura wanda aka saka a tafasasshen ruwa ya fi saurin rabuwa da ɓawonsa a kan wanda aka ɗora tare da ruwan sanyi. Agogo na bugawa in kwashe in tsunduma a ruwan sanyi, don in an bar shi a tukunya zafin da ke jikinsa ci gaba yake da dafa shi. Ranar da babu ƙanƙara ruwan randa nake ɗiba, in sauya sau biyu idan ya ɗumama.

Wajen ɓarewa ma na sha wahala kafin in gane. Wata rana maigida ya kawo kiret guda, ƙwai 30, kai tsaye daga gidan gonar wani abokinsa, na ranar. Na yi murna, na dafa biyu, ɓawon ya manne ya riƙa tafiya da naman ƙwan har ya koma kamar ɓera ya gaigaya. Bayan mako ɗaya, ƙwan kiret ɗin nan dai, ɓawo na zamewa kamar riga. Ashe ɓawon ƙwai cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kwana na tafiya danshi da iska na fita, fatar nan siririya ta ciki tana sakin farin, kuma gurbin iska da ke ɓangaren da ya fi faɗi yana ƙara girma. Shi ya sa nake fara fasawa daga gindin, inda gurbin yake, in saka yatsa ƙarƙashin fatar in bi da ita. Wannan gurbin ne kuma sirrin gwajin da masu ƙwan zabi ke yi da kwanon ruwa: sabo ya kwanta a ƙasa, na 'yan kwanaki ya ɗaga kai, wanda ya taso saman ruwa kuwa ya tsufa, ba na yarda da shi, sau da yawa baragurbi ne. Mai tsaga ba na saya ko an rage mini kuɗi. Kuma na daina wanke ƙwai in ajiye, don wanki yana cire wani shafi da ke toshe waɗancan ƙofofi. Sai zan dafa nake wankewa.

Na biyu ya fi ba ni aiki. Ƙanwata ta ce in gwada kindirmo. Na saba haɗa shi a gida saboda furar yara: in dama madarar gari da ruwan da ya tafasa, in bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo a matsayin iri, in rufe in naɗe da tawul ya kwana. Na ɗebi cokali uku na zuba a kan ƙwan. Ɗanɗanon ya yi, amma ruwa ya yi yawa, salak ya koma kamar miya. Washegari na juye kindirmon a ƙyallen tatar koko mai tsabta, na ɗora a kan rariya, na sa kwano a ƙasa na tura firji. Bayan awa uku ruwan ya ɗige, abin da ya rage ya yi kauri har cokali na tsayawa a ciki. Nan na ga haske. Na murƙushe gwaiduwa ɗaya a cikinsa da cokali mai yatsu, na matsa lemon tsami, na ɗiga man gyaɗa ƙaramin cokali. Ya yi santsi, ya yi launin ruwan ɗorawa, a ido ba ka raba shi da bama.

Duk da haka wani abu ya rage. Na rage gishiri kamar yadda aka ce, sai abincin ya yi lami. Kwana huɗu ina ci don dole, kuma na san abin da ake ci don dole ba ya daɗewa.

Ran Asabar na je gaida Inna a cikin gari, na tafi da kayan don in haɗa a can, tunda yini zan yi. Tana zaune a tabarma tana kallona ina yanka. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan kike ta fama da shi?"

"Salak ne, Inna. Na ƙwai. Likita ce ta ce in rage gishiri da maiƙo."

"Ƙwai da nono a kwano ɗaya?" Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta ɗanɗana, ta yi shiru tana taunawa. "Ba cinya ba ƙafar baya. Wannan ai kwaɗo ne kika hana shi ƙuli."

Ta aiki jikarta ta ɗauko ƙuli-ƙuli a ɗaki, ta sa aka daka a ƙaramin turmi da ɗan busasshen barkono da citta, ta barbaɗa cikin tafin hannu guda ta juya. Wallahi loma ta farko na san an gama. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cike gurbin da gishiri ya bari, garin ya shanye sauran ruwan da kayan lambu ke fitarwa, ga ɗan ƙaras-ƙaras a baki. Na zauna ina mamaki. Tun ina ƙarama nake cin kwaɗon zogale da na rama da na latas a tsakar gidan nan, amma da na tashi neman abinci mai lafiya hankalina bai je can ba, sai ya tafi kan kwalba da gwangwani. Sunan salak ne ya rufe mini ido. Abin da Inna ta ƙara shi ne ainihin abin da iyayenmu suka daɗe da sani: ganye yana son gyaɗa, yana son tsami, yana son ɗan yaji, in ya samu waɗannan ba ya neman gishiri mai yawa.

A wannan zaman ne ta tuna mini cewa a zamaninsu ba a cika ba yaro ƙwai ba, wai zai koyi ɗauke-ɗauke. Ta ce ita dai a ganinta dabara ce ta manya don a bar kaza ta ƙyanƙyashe. Na yarda da ita, kuma abin yana ba ni takaici idan na tuna yara nawa aka hana abincin da jikinsu ya fi buƙata saboda wannan magana.

Ƙuli-ƙuli ma sai an zaɓa. Wani ana cika masa gishiri, wani har da sukari. Wurin mata ɗaya nake saya a unguwar su Inna, wadda na san tana tsince gyaɗarta, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. In na ji yana warin tsohon mai ba na ɗauka. Nakan daka na mako guda in zuba a kwalba mai murfi.

Kayan lambu ran Asabar nake sayowa a kasuwar 'Yankaba. Da hunturu latas ya yi araha, shi nake yi da shi. Da bazara da damina kabeji ya fi, don yana jure zafi, ba ya kwanciya. Wanki ne ba na wasa da shi, saboda ɗanye za a ci, kuma wasu lambunan da ke bakin rafukan cikin gari da ruwan kwata ake ba su. Kabeji in ɓare ganyen waje in zubar. Karas da kokwamba in wanke in kankare bayansu. Latas ganye-ganye nake raba shi, in murza kowane ɗaya a ruwa mai tsabta, in jiƙa a ruwan gishiri, in ɗauraye sau biyu. Ban ɗauki ruwan gishirin a matsayin mai kashe komai ba, murzawar da ɗaurayar su ne aikin. Daga nan in baza a kwando ya tsane sarai. Ganye mai ruwa shi ne ke tsinka haɗin.

Ga yadda safiyata take yanzu. Ina idar da sallar Asuba in ɗora ruwa. Kafin ya tafasa na yanka kwatan albasa siri-siri na matse mata rabin lemon tsami. Minti 10 a cikin tsamin yana kashe mata kaifi, ba ta bin baki har La'asar. Ƙwai biyu su shiga ruwa, in saita agogo in tafi tashin yara. In na dawo in kwashe su zuwa ruwan sanyi, in yanka kabeji cikin hannu biyu, in gurza ƙaramin karas ɗaya, in yanka rabin kokwamba bayan na kwashe 'ya'yan tsakiya masu ruwa, da ɗan lawashi in akwai. Waɗannan su shiga babbar roba su kaɗai, ba gishiri ba komai, don gishiri na taɓa ganye yake fara tsotso ruwansa. Kindirmon da na tace babban cokali biyu, da albasar da ruwan lemonta, da man gyaɗa ƙaramin cokali, da ɗan masoro, su shiga ƙaramar kwalba. Garin ƙuli babban cokali ɗaya a wani ɗan mazubin. Tumatir guda ba yankawa. Ƙwan kuma da ɓawonsa.

Man nan ƙaramin cokali da gwaiduwar ba don daɗi kaɗai suke ba. Sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, sai da maiƙo hanji ke iya tsotsarsa da kyau. Akwai lokacin da na so in riƙa zubar da gwaiduwa saboda tsoron kolestarol, tunda dukkansa a cikinta yake, kusan miligiram 186 a babban ƙwai. Na tambayi likitar da na koma. Ta ce yawancin bitamin A da D da B12 na ƙwai a gwaiduwar suke, kuma ga mafi yawan mutane kitsen nama da soye-soye sun fi ɗaga kolestarol na jini a kan ƙwai. Ta duba sakamakon gwajina ta ce biyu a rana, kwana uku ko huɗu a mako, babu laifi a wurina. Ta ƙara da cewa mai ciwon sukari ko ciwon zuciya nasa lissafin daban ne, sai ya zauna da likitansa. Sauran ranakun da wake nake yin kwaɗon, ko kifi, ko awara.

Saura na uku, wanda ya kayar da ni ranar farko. Na sayi ƙaramar kula irin ta 'yan makaranta. Kullum da dare in saka ledar fiya wata biyu a firiza. Da safe su kwanta a ƙasan kula, kwalbar kindirmo da ƙwai a kansu, robar ganye a sama. Har Azahar da sauran ƙanƙara, in ta narke kuma na samu ruwan sha mai sanyi. Ranar da wuta ba ta kwana ba akwai maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara. Ranar da ita ma babu, ba na kasada. In bar kindirmo a gida, in ɗauki lemon tsami guda da mai da ƙuli, ƙwan kuma ɗanye a naɗe cikin tawul. Ɗanyen ƙwai da ɓawonsa ya fi dafaffe jure zaman waje. Ƙarfe 12 da rabi in kai wa mai shayin bakin titi.

"Malam, don Allah minti 11, kada ya wuce."

Ranar farko ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ƙwai ma har da agogo?" Yanzu da ya hango ni yake ciro wayarsa ya saita da kansa.

Haɗawar ba ta kai minti biyar. In wanke hannu da sabulu, in ɓare ƙwan, in murƙushe gwaiduwa ɗaya a cikin kindirmo, in yanka sauran manya-manya. Ba na son a dagargaza ƙwai ya koma kamar fate, ina son haƙori ya same shi. Tumatir ya shiga, haɗin ya bi, a juya a hankali, garin ƙuli a ƙarshe don kada ya jiƙe ya yi laushi. Gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka, wata rana ma babu, in ƙulin na da nasa. Dunƙule kuwa ko kusa.

Wata yarinya da ke bautar ƙasa a ofishinmu ta leƙa robar a makon farko ta ce, "Anti, wannan ganyen zai riƙe ki har yamma?" Tambayarta na kan hanya. Kwana biyun farko da na ci shi kaɗai, ƙarfe 4 yunwa ta taso. Sai na fara haɗawa da wani abu kaɗan: yanka ɗaya na burodin alkama, ko rabin gurasa, ko dafaffen dankalin Hausa guda matsakaici da ya rage daga na dare. Dankalin ya fi dacewa da shi, zaƙinsa da tsamin lemon suna tafiya tare, kuma da shi nakan kai Magariba ban nemi komai ba. Barcin ƙarfe 3 ya tafi tun a mako na biyu. Awon jinina ya sauko, amma ina shan maganina kullum, ina tafiyar ƙafa da yamma, na rage dunƙule a tukunyar gida ma, don haka ba zan ce kwaɗo ne ya yi shi kaɗai ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne aikin yammata ya dawo hannuna.

In an yi saura a gida, a firji ya kamata ya kwana cikin roba mai murfi, kuma ƙa'idarsa kwana uku zuwa huɗu in wuta ta tsaya. Tunda tamu ba ta tsayawa, ba na yin fiye da na ci ɗaya. Abin da nake tanada shi ne kayan haɗin, kowanne a wurinsa.

Da damina ta sauka ƙwan zabi ya fito. Wata Lahadi a hanyar dawowa daga Zariya muka tsaya wurin wasu yara da ƙwarya cike da shi da kwanon ruwa a gefe. Na tsuguna na gwada ɗaya-ɗaya, na zaɓi 20 da suka kwanta. Ƙwan zabi ya fi na kaza ƙanƙanta, ɓawonsa da tauri har sai an buga shi da ƙarfi, gwaiduwarsa kuma ta fi ja da maiƙo. Uku nake sakawa a madadin biyu, minti 9 ya ishe su. Lokacin zogale ya yi sabon toho, sai na dafa ganyen sama-sama, na matse, na maye gurbin rabin kabejin da shi. Wannan haɗin, zogale da ƙwan zabi da ƙuli da kindirmo, shi ne mafi daɗin duk wanda na yi.

Shi na kai wa Inna Asabar ɗin da ta biyo baya, a cikin kula, komai a rabe. Na haɗa a gabanta. Ta ci shiru har ta kusa kai ƙasan kwano, sannan ta ɗago.

"Yajin ya yi kaɗan. Kuma zogalen ki riƙa barinsa ya ƙara minti biyu a wuta, haƙorana ba irin naki ba ne."

"To, Inna."

"Ƙwan zabin da saura?"

Na ce akwai takwas a gida. Ta ce in aiko mata da huɗu da safe, da kindirmon nan mai kauri, ƙuli tana da nata.